Garin da Taitai ta shimfiɗa mini a faranti

Ni ba mai yawo ba ce. Duk wanda ya san ni ya san in ka bar ni da tabarmata da rediyona da wanda zan yi wa surutu, ka gama mini komai. Amma da cikin 'yata ta fari ya tsufa, sai na ce bari in je in gan ta da idona a Mararaba, inda suke zaune ita da mijinta, tunda waya ba ta nuna kumburin ƙafa. Kwanan farko ban gane kan garin ba. Tun kafin assalatu na fara jin ƙyamare suna buɗewa, ana tada motoci, ana jan yara suna kukan barci. Muna idar da sallah mijinta ya rataya jaka ya fice, ko shayi bai tsaya sha ba, wai in ya ƙara minti goma cunkoso zai riƙe shi har hantsi bai shiga Abuja ba. Kafin rana ta ɗaga, layin nasu ya yi tsit kamar an bi shi da tsintsiya.

Na ce da ita, "Ke, wa ke ƙofar da ke kallon taku?"

Ta ce, "Wallahi Umma ban sani ba. Ina jin dai wata mata ce."

"Shekararku nawa a gidan nan?"

"Biyu."

Sai wani gari ya faɗo mini a rai, garin da ban taɓa takawa ba, amma na san koginsa, na san inda tekunsa take da inda aka kore ta ta koma. A faranti aka nuna mini shi, a hawa na tara na wani bene a birnin Guangzhou na ƙasar Caina, lokacin ina da sauran ƙarfin ƙafa.

Shekarata tara da aure a lokacin, na yi ɓari biyu, ba ni da ko ɗaya a hannu. Maigidan yana cikin 'yan Kano na farko-farko da suka gano hanyar Caina. Da yana zuwa ya saro yadi ya dawo, daga baya ya zauna can yana yi wa 'yan kasuwarmu jagora a kasuwannin Shahe da Shisanhang, yana haɗa musu kaya a jirgin ruwa. Da na sami ciki na uku ya ce in zo kusa da shi. Innata ba ta so ba. Ta ce ita ba jirgin sama take tsoro ba, abin da take tsoro shi ne in faɗi a ɗaki ba wanda zai ji. Ai a gidanmu na cikin gari, in ka yi tari sau biyu a jere, mutum uku ne za su ɗaga labule, ɗaya da kanwa, ɗaya da zuma, ɗaya kuma ya zo jin ƙwaƙwaf ne kawai. Ranar da zan tafi ta riƙe bakin mayafina ta ce, "Duk inda ya ajiye ki, kafin ki san hanyar kasuwa ki san ƙofar da ke kusa da taki. Ki gaishe su kowace safiya, ko sun amsa ko ba su amsa ba." Wannan shi ne duk guzurin da ta ba ni, sai kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya.

A zamanin ba ko'ina aka yarda baƙo ya kama haya ba, shi ya sa muka sami kanmu a wani bene a unguwar Tianhe tare da baƙi iri-iri. Matan Hausawa kuwa babu. Maza ne suke zuwa su sayi kaya su koma, sai ranar Juma'a maigidan ya kwaso mini su daga masallaci, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, su cinye mini tuwo su sa albarka su tafi. Sauran kwana shida ni da kunnena ne. Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne, kuma da shi na koyi garin. Na san ƙararrawar kekuna da safe, kamar an zubar da cokula a ƙasa. Na san muryar mai sayen tsofaffin kwalaye. Na san ƙarar 'yan duwatsun cacar da tsofaffi suke juyawa a tebur, kamar ana wankin tsakuwa. Akwai wani inji da ke kafa ginshiƙan sabon gini a bayanmu, dum, dum, tun safe har yamma, har ka ji shi a haƙoranka. A ƙasan benen kuma wasu tsofaffi sukan taru da 'yar rediyonsu suna motsa jiki a hankali kamar masu iyo a cikin koko. Da kunnen na gane ma yare biyu ake yi a garin, na masu kanti da ke cewa "nihau" in za su gaishe ka da "meyo" in babu kaya, da na 'yan kasuwar ganye da ke cewa "jo san" in gari ya waye.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wasu 'yan Japan ce. Mijin injiniya ne a wata masana'anta, matar kuma tana gida kamar ni, siririya, ta girme ni da kamar shekara goma, ba su da yara a tare da su. Maigadin benen yana kiranta Taitai, wato uwargida, ni ma na ɗauka. Washegarin saukata, ina jin tsofaffin ƙasa sun kashe rediyonsu, na yafa mayafi na je na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da sarƙa a jikin ƙofar, ido ɗaya kawai nake gani. Na yi sallama, na ce ina kwana, na tambayi gajiya da maigida. Ta dube ni, ta leƙa bayana, ta dubi rufin baranda ko ruwa ne ke zuba. Sai ta shiga sunkuyawa tana wata magana da sauri. Na ɗauka amsawa take, na ce madalla, na koma ɗaki. Haka na yi gobe, haka na yi jibi.

Rana ta shida maigidan ya shigo da wani kwalin biskit da aka naɗe kamar kayan lefe, ya dire mini a gaba.

"Ke, me kika yi wa matar mutane?"

"Gaishe ta nake yi."

"Kullum?"

"To da ranar Juma'a kaɗai ake kwana?"

Ya riƙe baki. "Mijinta ya tare ni a lifta yana ta ba ni haƙuri. Wai sun rage ƙarar talabijin, sun daina wanki da safe, sun sa wa kujeru tsumma a ƙafa, amma har yanzu matata tana zuwa kawo ƙara. Wai don Allah a faɗa musu laifin su gyara."

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Shi bai yi ba. Ya ce, "Nan ba Kano ba ce. Ba a haka a nan. Ki bar mutane su sha iska."

Na bari. Kwana huɗu na yi ban je ba, kuma kwana huɗun nan ko kokon safe ba ya wuce mini, sai in ga kamar na bar sallah. Na ce da shi ya je ya yi wa injiniyan bayani da Turancinsu, cewa a wurinmu gaisuwa ba ƙara ba ce, dubawa ce ko mutum ya tashi lafiya. Ya tafi yana mita, ya dawo ya ce mutumin ya ce ya gane, amma fuskarsa ba ta gane ba. Na koma bakin aikina. Wajen sati uku ana buɗe mini da sarƙa. Wata rana na ji an zare ta. Wata rana kuma na tarar an jera mini silifas a bakin ƙofa, bakinsu yana kallon ciki. Daga nan sai shayi, wani kore marar sukari mai ɗanɗanon ruwan zogale, na riƙa shanyewa saboda zumunci. Ita tana koyon yaren Caina a littafi, ni ina tsinto shi a kasuwa, muka haɗa nata da nawa da hannu da ido, hira ta tashi. Ta koya mini "ohayo", na koya mata "ina kwana". Ta nuna mini agogonta tana mamaki, wai kullum takwas da rabi nake zuwa, ba na ƙari ba na ragi, alhali ba na ɗaura agogo. Na nuna mata tsofaffin ƙasa da rediyonsu.

Ta tagarta ana hango wani kududdufi da 'yan gonakin ganye da suka rage a tsakanin gine-gine, mata da manyan malafuna suna ban ruwa. Wata safiya muka ga motocin tifa sun jeru suna juye ƙasa a cikin ruwan. Taitai ta daɗe a tsaye. Sai ta ce ta taɓa ganin wannan a garinsu, can Japan. Ta kwashe kofunan shayi daga faranti, ta ɗebo shinkafa ɗanya a gwangwani, ta zauna a gabana.

Ta zuba ruwa kaɗan a gefen farantin, ta ce wannan teku ce. Ta ja ruwan da ɗan yatsa zuwa sama, siriri, ta ce wannan kogi ne. Ta karya tsinken sakace ta jera a kan kogin, ta ce a zamanin da can jiragen kwale-kwale aka jera aka ɗaure, aka shimfiɗa katako mutane suka riƙa hayewa, daga nan garin ya samo sunansa, Funabashi, wato gadar jirage. Ta ɗora 'yan ƙwayoyin shinkafa a bakin ruwan, su ne masunta, kakanninta ke nan, waɗanda kifinsu har gidan masu mulki ake kai shi. Ta sa wasu a kan hanya, masu masaukin matafiya. Can sama inda ƙasa ta ɗan yi tudu ta sa wasu, manoman karas da wani ɗan itace mai ruwa kamar tuffa. Duka shinkafar ba ta cika cokali ba. Ta ce tana yarinya in ruwa ya janye sukan bi babanta cikin taɓo suna tono ƙumba, ana shanya ganyen teku a kan tabarmi, unguwa duk tana ƙarni, kuma ba gidan da ba ta san abin da aka dafa a cikinsa ba.

Sai ta ɗauko sandunan cin abincinta guda biyu ta shimfiɗa su daga farantin zuwa butar shayi. Butar ita ce Tokyo, sandunan kuma layin dogo. Ta ɗaga gwangwanin ta juye shi gaba ɗaya. Shinkafa ta rufe gonakin, ta rufe tudun, ta gangaro ta shanye ruwan da ke gefe. Ta ce haka aka yi bayan yaƙin duniya. Mutane suka taso daga ko'ina neman aiki a Tokyo, Tokyo ba wurin kwana, aka gina musu benaye iri ɗaya a jere a garinsu, aka cike bakin teku da ƙasa aka yi masana'antu, har mutanen garin suka haura rabin miliyan. Sannan ta sa gefen hannunta ta share shinkafar ta bi kan sandunan zuwa gindin buta. "Safe," in ji ta. Ta sake sharo ta ta dawo faranti. "Yamma." Ta yi haka sau uku. Ta ce jirgin yakan cika har sai ma'aikata sun tura mutane da hannu kafin ƙofa ta rufu.

Na ce, "To da rana wa ke garin?"

Ta duba farantin. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a inda ruwa ya jiƙa. Ta ɗora yatsa a kanta ta ce babanta. Da aka cike wurin sana'arsa, mahaifiyarta kuma ta rasu, sai ya koma ɗaki a hawa na huɗu a irin benayen nan. Ita tana wani gari da miji. Mutumin da ya saba kafin ya kai bakin ruwa ya gaisa da mutum talatin, ya zama ba ya jin komai sai rufe ƙofa da safe da buɗe ƙofa da yamma. Maƙwabtansa mutanen kirki ne, in ji ta, ba sa damun kowa. Mai kawo jarida ne ya lura jaridu sun taru a ramin ƙofa. Ta ɗaga yatsu shida, kwanakin da ya yi a mace ba wanda ya sani. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi mata. Na ce a raina, ashe abin da Inna take tsoro yana da gari guda.

Akwai wani lokaci a Guangzhou, bayan sanyi kafin zafi, da bango yake gumi. Ba ruwan sama ba ne, iska ce take zuwa a jiƙe. Madubi ya yi hazo, tayil ya yi naso, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Mutanen garin rufe tagogi suke yi ruf. Ni kuwa 'yar Kano, abin da na sani shi ne in ɗaki ya yi danshi a buɗe shi ya sha iska. Cikina yana wata takwas. Ranar maigidan ya fita da sassafe zai kai wasu baƙi wata masana'anta a bayan gari, sai yamma zai dawo. Na bi tagogin nan na wangale su duka. Kafin in gama karyawa ƙasan ɗakin ya zama kamar an yi masa wanka. Na ɗauko tukunya zan kai madafa, ƙafata ta tafi.

Ban san yadda na faɗi ba, na dai ji bayana ya amsa. Na yunƙura, ƙugu ya ƙi. Da na duba zanena na ga abin da na taɓa gani sau biyu a baya, na ce inna lillahi, wannan ma tafiya zai yi. Wayar tarho tana falo, tsakanina da ita bai fi taku goma ba, amma ko jan jiki na kasa. Na yi kira, injin bayan gida ya haɗiye muryar, dum, dum. Sai na kwanta a tayil mai sanyi ina salati, ina ji da kunnena garin yana tafiya ba ni. Lifta ta sauka da masu fita aiki. Kekuna suka wuce. Tsofaffin ƙasa suka kashe rediyonsu. Na ce yanzu ne da nake yafa mayafi.

Ban san iya lokacin da ya wuce ba. Na ji ƙofar Taitai ta buɗe. Na san takunta, ɗan gajere, kamar mai tsoron tada ƙasa daga barci. Ya zo har bakin ƙofarmu ya tsaya. Na buɗe baki, murya ba ta fito ba. Takun ya juya. Ƙofarta ta rufe. Wallahi wannan rufewar ta fi faɗuwar ciwo.

Can sai ƙofar ta sake buɗewa. Aka taɓa tamu, ƙwas, ƙwas, kamar kaza tana tsattsaga. Sannan wata 'yar murya ta ce, "Ina kwana?" Ta sake, da ƙarfi wannan karon, "Ina kwana!"

Murfin tukunyar yana kusa da hannuna. Na ɗaga shi na maka a tayil, na sake makawa, na yi ta makawa. Na ji silifas sun zube, na ji matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba tana gudu a matakala tana ƙwala wa maigadi kira. Su suka ɓalle ƙofar. Ita ta naɗe ni da bargonta, ita ta riƙe kaina a tasi tana yi wa direba tsawa da yaren Caina na littafi. Kafin maigidan ya iso asibiti an ciro yarinya, 'yar mitsitsiya kamar 'yar tsana, tana kuka kamar mage. Likitar ta ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya sha bamban.

Daga baya Taitai ta ba ni nata labarin. Ta ce ta jera kofi biyu, ta duba agogo, takwas da rabi ta wuce. Ta zo ƙofarmu ta ɗaga hannu, sai kunya ta kama ta, don a tarbiyyarsu buga wa mutum ƙofa ba dalili rashin ladabi ne, wataƙila barci nake, wataƙila na gaji da ita. Ta koma. Tana shiga ta ga kofunan nan biyu, ta tuna jaridu. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa buga ƙofar maƙwabci ba sai ranar. Maigidan kuwa, da ya je yi musu godiya, sai ga shi yana sunkuyawa fiye da injiniyan. Kallonsa kawai na yi, ya ce, "Na ji, na ji."

Yarinyar tana rarrafe aka mayar da mijinta gida. Ta rubuta mini adireshi da rubutunsu, takardar ta ɓace a wani tashin da muka yi, mu ma ba mu daɗe ba muka dawo Kano. An ce mini yanzu inda kududdufin nan yake wani dogon gini ne na gilashi, jirgin ƙasa yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Ban san ko tana raye ba. In tana raye ta tsufa, kuma kullum roƙona Allah ya sa akwai mai jin motsinta.

Duk wannan ya dawo mini ina zaune a falon 'yata a Mararaba, ita tana kwance a kujera ta ɗora ƙafa a matashi. Jibi zan koma Kano, don maigidan yanzu ba ya iya kwana uku ba ni, ita kuma za ta riƙa wuni ita kaɗai daga asuba har bayan magariba. Na kasa kunne. Ƙarƙashin ƙarar firji, can ta bayan bango, akwai keken ɗinki yana tafiya yana tsayawa. Ashe ba duka aka share ba, akwai ƙwaya ɗaya da ta maƙale.

Na zuba dambun da na yi a kwano, na rufe, na yafa mayafi.

"Umma ina za ki?"

"Gaisuwa."

"Kai Umma, don Allah. Nan ba Kano ba ce, ba a haka a nan. Sai ta ɗauka wani abu muke nema."

Na ce, "Babanki ma haka ya ce. Da na ji maganarsa, da ba ki nan kina faɗa mini. Tashi ki sa hijabinki, ke za ki ƙwanƙwasa."

Ta taso tana tura baki, tana riƙe da ƙugu. Muka tsaya a bakin ƙofar. Ta taɓa ta a hankali, ƙwas, ƙwas. Keken ya tsaya. Muka ji taku, aka buɗe kaɗan, ido ɗaya ya leƙo ta saman sarƙa.

"Lafiya?" in ji matar.

Na ce, "Lafiya lau, 'yar nan. Ina kwana? Gobe ma war haka za ta zo."